Abin da Modi ya Bari a Gilashi

Motar da na saya hannun Jabbi dillali
ta zo daga Kwatano da taswirarta a ƙirji.
In na tada ta a Mabera
sai allon ya nuna muna bakin teku,
ga tituna masu sunan da harshena ya kasa lanƙwasawa.
Shekara uku tana shan ranar Sakkwato,
ba ta yarda ta baro garinsu ba.
Na ƙyale ta. Baƙo ma yakan yi mafarkin gida.

Ta biyu gadon yayana Modi ce,
'yar na'ura kamar sabulun wanka,
da robar da ke manne ta a gilashi.
Rana na take tsaka robar ke saki,
ta faɗo cinyata tana faɗin a juya, a juya.
Ba ta neman sabis, ba ta cin data,
sai dai karatunta ya tsaya
tun kafin a ɗaga gadar sama.

Wayata kuwa gwanar zance ce.
Ta san inda keke-napep suka cushe a bakin Kara,
ta san mintin da zan ɓata.

Talatar nan na ɗauki injin ban-ruwa
zan kai wa masu albasa bayan Wurno.
Waya ta yi zafi kamar kaskon masa,
Kulu ta kira kan cefane, taswira ta ɓuya,
na gama amsa mata, sabis ya yi layar zana.
Ga hanya ta rabu biyu cikin fadama.
Mota ta ce teku ne.
Waya ta yi shiru tana juya ɗan zobenta.

Na danna ta Modi,
wurin da yatsansa ya cinye fentin maɓalli.
Sai ga jerin wuraren da ya adana:
Gida. Gareji. Asibiti.
Na huɗu an rubuta Shayi.

Na bi. Hagu, rami, dama, gindin giginya.
Ta ce na iso.

Benci ɗaya, tukunya baƙa, wani dattijo na fifita wuta.
Bai dube ni ba, gilashi ya duba.
"Wanga abu na Modi na.
Ina shi kwana biyu? Shina bi na canjin ɗari biyu."

Na kashe mota.
Damina biyu ke nan, ba wanda ya kawo mishi labari,
don ba wanda ya san hanyar nan
sai abin da ke saki in rana ta take.

Ya zuba kofi biyu kafin in buɗe baki.
Robar ta sake saki.
Na tare ta da hannu biyu.