Kwana Ashirin da Ɗaya

Shekara talatin da huɗu ina dama masa kunu,
sai ga wata yarinya a ofishin fansho
ta ɗago kai daga kwamfuta, ta ce,
"Mama, ina shaidar ke matarsa ce?"
Na dubi Didam. Didam ya dubi silin.
Na ce, 'yata, ga furfura, ga 'ya'ya biyar,
ga tabon man ƙosai a hannuna na hagu
tun shekarar da albashin reluwe ya tsaya wata bakwai.
Ta ce, "Wannan ba ya shiga fayil."

Namu a Zonkwa aka ɗaura, a gindin ɗorawa:
akuya biyu, fartanya, tulu ɗaya.
Waɗanda suka karɓa duk sun kwanta dama.
Coci kuwa, shi Katolika, ni 'yar Baftis,
kowane ɓangare ya ce sai dai ɗayan ya biyo.
Muka bar musu gardamar, muka haifi Zigwai.

To, ran Litinin muka hau keke zuwa sakatariya a Makera.
Hoton fasfo, fom, biro mai igiya a wuya kamar ɗan akuya.
Aka sa shi rantsuwa: ba shi da wata a ɓoye,
ba mu haɗa jini ba,
kuma dukanmu mun kai shekarun aure.
Akawun da kansa sai da ya kau da kai ya yi dariya.

Sai allo.
Suka maƙala mu a bango, da sunan uba da na unguwa,
tsakanin sanarwar rigakafi da kwangilar kwalbati.
Kwana ashirin da ɗaya, in ji doka:
mai magana ya fito ya yi.

Nakan biya ta can in na taso daga kasuwa.
Karatuna bai yi nisa ba, amma na san tsayuwar sunana,
Kuyet, da ƙafarsa ɗaya a gaba.
Ruwan Agusta ya lashi gefen takardar,
na danna ƙusar da babban yatsa.
Ba wanda ya zo. Wa zai zo?
In akwai mai ƙorafi a duk Kaduna, ai ni ce:
minshari, da keken ɗinkina da ya sayar bai tambaye ni ba,
da kalma guda da ya faɗa a gaban uwata.
Na tsaya gaban allon da buhun barkono a ka,
na auna, na sake aunawa,
na kama hanyar gida.

Ranar ba ƙararrawa, ba mawaƙa,
janareta ne kawai ke ta nasa zabura.
Aka bar ƙofa a buɗe.
Shaidu biyu: Zigwai, da cikinta wata takwas,
da Malam Tanimu mai faci, maƙwabcinmu,
ya sha babbar rigarsa ta Juma'a a ranar Laraba.
Magatakardar ba ta kai ɗiyata ta biyu ba.
Ta karanta mana cewa daga yau mace ɗaya ce, namiji ɗaya.
Didam ya ce, "Ɗayar ma da ƙyar."
Amma da ya ɗauki biron, hannunsa rawa yake,
hannun da ya juya kan jirgi bai girgiza ba.

Tambari ya sauka, tim.
Minti goma sha biyu, Zigwai ta duba.

A keke ya matso, ya ce a kunnena, "Amarya."
Na ce ya gyara, yana zaune kan mayafina.
Takardar tana ƙasan akwati yanzu, cikin leda,
tare da katunan awon yara.

Da safe na dama kunu.
Ya kurɓa, ya ce tsamiya ta yi kaɗan.
Na ce ya rubuta, ya kai Makera, a maƙala a allo,
mu ga ko wani zai fito.