Baƙuwar da Ba Ta da Suna

A Maranhão, Zuleide na fasa kwakwar daji,
ƙaya ta shige ta a ƙwauri, ba sallama.
Shekara sha ɗaya gyambon na toho,
ba zafi, sai ƙaiƙayi.

Likita Marluce ta kankari ɓawon,
ta shuka a faranti.
Baƙar fumfuna ta tsiro, lallausa kamar gashin ɓera.

Ta maƙwabci Benedito ma haka, sak.
Amma da aka karanta rubutun gadonsu
sai harufa suka saɓa:
kaka ɗaya, jikoki barkatai,
wata magani ya kayar,
wata ko gezau.

"Tawa wace ce?"
"Ba ta da suna tukuna."

Zuleide ta ɗaure ƙafar da tsumma,
ta ɗauki gatarinta.