Tafinta a Bakin Galma

Ni ne tafinta. Kwana goma sha biyu
na kwanta tsakanin harshe biyu kamar gada,
kowa ya taka ni ya haye.

Sun sauka Wusasa ran Talata da la'asar,
su shida, da malafa sababbi fil,
da akwatin iri, da littattafan lissafi,
da kyakkyawar niyya, wannan ni shaida ne.
Laraba muka gangara fadamar Galma
a bayan a-kori-kura, hanji na kaɗawa.

Babbarsu Hilda, mai furfura da tabarau,
ta ce in gaya wa manoma:
tumatir ba ya son a shaƙe shi da ruwa,
a ba shi ɗigo-ɗigo ta siririn tiyo.
Na faɗa. Baba Cindo ya ɓantari goro,
ya dubi kogi, ya dubi tiyon,
ya ce, "Yaro, tambaye ta,
in kwando ya cika, wa zai saya?
Bara arba'in na zubar a bakin titi,
har awaki suka ƙoshi suka kau da kai."
Na juya zancen, na rage masa yaji.
Na ce, "Yana tambaya kan kasuwa."
Ƙaryata ta farko ke nan.

Ran Asabar, a Dakace, gindin mangwaro,
aka tara mata za a koya musu tanadi:
kowa ta zuba kaɗan duk mako,
mutum ɗaya ta kwashe, a zagaya.
Ladidi mai ƙuli-ƙuli ta rufe baki da mayafi,
kafaɗunta na rawa.
"Adashi suka haye teku su kawo mana?
Kakata da wuri ta yi nata."
Na ce, "Suna godiya."

Hilda ta cire tabarau ta dube ni.
Ta ce godiya ba ta sa mutum hawayen dariya,
in ba ta maganar da ƙashinta.
Na ba ta. Kunnuwanta suka yi ja
kamar abin da muka zo dominsa.
Ta rufe littafi, ta bar kujera,
ta zauna kan tabarma, gwiwa na ƙara,
ta ce, "To, me ke cinye ribarku?"

Ladidi ta kai mu bayan gida.
Ga tumatir an yanka an shanya a ƙasa,
kaji na bi, iska na yayyafa yashi.
Ta ce mai saye a Sabon Gari
da ya tauna ya ji ƙarau,
sai ya raba kuɗin biyu.

Ba su zo da maganin wannan a akwati ba.
Jatau kafinta ne ya zana shi da gawayi:
ƙafa huɗu, raga sama, raga ƙasa.
Baƙi suka riƙe katako, shi yana bugawa,
ɗayansu ya daki yatsa,
wannan ihun bai nemi tafinta ba.

Ran tafiya fasto ya yi addu'a, liman ya yi,
amin ɗin kuwa iri ɗaya ce,
na samu na huta.

Damina biyu ke nan.
Jiya na ga 'yar Ladidi a tasha
da busasshen tumatir a leda, ja wur,
ba tsakuwa, ba ragi.
Baba Cindo har yau yana zubar da wasu kwanduna,
amma ba arba'in ba.

Hilda ta aiko takarda, tana tambayar tiyo.
Na daɗe riƙe da biro.
Sannan na rubuta: gafiya ta ci rabinsa,
sauran yana ɗaure da akuyar Cindo,
kuma ya ce a gaya miki yana da ƙarko.