Tozo Uku a Kan Jarida

Dare goma sha ɗaya na yi a garejin Wagimin,
a Klaten, bayan rumfar masu sayar da tsuntsaye,
ina rarake maƙogwaron kan inji.
Garin alminiyam ya cika min hanci,
ya faɗa a shayi, na sha.
Ramin shaƙa na bar shi da ɗan kaushi,
na hayaƙi kuwa na goge
har na ga idona a ciki.

Da na gama, tsohon ya shimfiɗa jarida,
ya jera kamshaf uku.
Na farko tozon maraƙi,
na biyu ya ɗan tasa,
na uku bijimi ne sosai,
irin wanda 'yan tsere ke cin bashi su saya.

Hannuna ya sauka kan na ukun.

Bai ce a'a ba. Wagimin ba ya cewa a'a.
Ya ɗora aikina a bencinsa mai zuƙar iska,
wanda ya harhaɗa da katako da tiyo
da jan ruwa a siririn bututu.
Ya danna bawul milimita biyar, ruwa ya motsa.
Shida, bakwai, yana ta tafiya.
Takwas, da ƙyar.
Tara, ko gezau.
Ya ce, "Gunadi, raminka ya ƙoshi a takwas.
Ko ka ɓalle ƙyauren ɗungurungum,
ɗakin ba zai ƙara shan iska ba.
Babur ɗin wa ma?"

Na Sulastri.

"Me take ɗauka?"

Awara, kwando huɗu, tun kafin asalatu,
ta bi ta gonakin shinkafa
ta hau ƙirjin Merapi, inda kwalta ke ƙarewa.

"Bijimin nan barci yake
sai allura ta haura dubu takwas.
Ƙasa da haka tari ne da shaƙuwa,
ƙofa biyu a buɗe lokaci guda,
fetur na bin hayaƙi yana ficewa ɗanye.
Ita kuwa a giya biyu take cin abincinta."

Na ji, kamar yadda kwano ke jin ruwan sama.
Da ya tafi gida na ja ƙofa,
na liƙa yumɓu a kan fistan,
na ɗaura bijimina, na ƙulle kai,
na juya inji da hannu, sau biyu, a hankali.
A zagaye na biyu wani abu ya ce ƙis.

Na kwance.
Bawul ya yanke yumɓun har ƙasa,
ya bar wa fistan zane
siriri, mai haske, kamar jinjirin wata.
Da hannu ke nan.
Na tuna kwanar da ke sama da gadar Kemalang,
da kwando huɗu, da babu kowa a hanya.
Na daɗe zaune a kan jarkar mai
ina jin ruwa na dukan rufi.

Da safe ya tsinci yumɓun inda na manta shi.
Ya duba yankan, ya murza shi ya zama ƙwallo,
ya jefa a aljihu.
Ya ce, "Miƙo sifana goma."

Na tsakiyan muka sa.
Muka daidaita shi da faifan digiri
da ya yanko daga murfin gwangwanin biskit.
Bugu ɗaya ya tashi,
yana numfashi daidai kamar mai barcin rana,
ka murɗa totur, ya amsa tun daga ciki.

Sulastri ta biya rabi da kuɗi, rabi da awara,
ta ce ƙarar ta canza, ba ta sani ba ko tana so.
Bayan mako ta wuce ba ta tsaya ba,
kwando biyar a bayanta.

Bijimin yana nan rataye a ƙusa,
kusa da kalandar bara.
Wani lokaci in zan kashe fitila
nakan shafa tozonsa da babban yatsa.
Har yanzu ina son sa.