Jingina

Kakan kakana baduku ne a Zango.
Ya ɗinka wa wani baƙo jakar sirdi biyu da zabira.
Baƙon ya biyo ayarin Tarabulus,
gashin jimina ya zo nema, zazzaɓi ya samu.
Ranar biya ya zazzage aljihu, ko wuri babu.
Ya ce: riƙe wannan, in na dawo in fansa.
Raƙuma suka miƙe hanyar Agadas.
Har yau muna jiran mai kaya.

Ganye talatin da bakwai, na farko ya ɓata.
Takarda ce mai kauri, in ka ɗaga ta ga rana
sai jinjirin wata uku su fito a cikinta.
Tawada baƙa, jan ɗigo tsakanin baiti.
Gara ta ci gefe, ta ji kunyar tsakiya.
Akwai kitsen kyandir a ganye na tara,
da duhun babban yatsa
inda hannu ya saba tsayawa.

Malaman Birni sun duba tun zamanin da.
Baƙaƙen namu ne, in ji su,
ga alif, ga mim, ga sunan Ma'aiki sarai,
amma ba Larabci ba ne, ba Barbarci ba,
ba kuma Hausar wani gari ba.
Aka mai da shi gafaka, aka rataye.
Gadona a ciki bai wuce wannan ba:
in maɗauri ya tsufa, in yanka sabo.

Bara Yagana, ɗiyar ƙanwata, ta dawo daga Santambul,
shekara biyar tana koyon karɓar haihuwa.
Na sauko da shi, na ce: ga mutanenki.
Ta juya, ta sake juyawa, ta yi dariyar kunya.
Kawu, can yanzu da boko suke rubutu,
wannan ko su sai an koya musu.

Sai muka aika a kira Malam Kiyari.
Shi yana da idon, ba shi da kunnen,
ita tana da kunnen, ba ta da idon.
Aka shimfiɗa tabarma ɗaya a zaure.

Ya sa yatsa, ya ja harafi: ana.
Wannan na san shi, in ji Malam, ni ke nan da Larabci.
Ta ce: a'a Malam, uwa.
Ya gyara tabarau, ya matsa gaba: su.
Ya ɗago kai. Su wa?
Ta ce: ruwa.

Kwana shida ke nan famfon unguwa bai ɗiga ba,
ɗan garuwa na wucewa da tulluna wayam.
Ba wanda ya ce uffan.

Kafin la'asar mun haƙo baiti huɗu,
kamar masu yashe tsohuwar rijiya da cokali.
Wani ne ke cewa zuciyarsa randa ce fasasshiya,
yana roƙon ɗan Amina kurɓi ɗaya
ranar da rana za ta sauko kusa da kai.
Inna Baraka na jin mu ta bayan danga,
ta ce: to ai begen da muke yi ne,
riga kawai ya sake.

A ganyen ƙarshe rubutun ya ƙanƙance, ya karkace.
Wanda ya kwafa ya faɗi sunansa, Hurshid,
mai gadin ƙofa a Murzuk,
ya ce da sanyi ya rubuta, hannu na rawa,
wanda ya ga kuskure ya gyara, kada ya zaga,
wanda ya karanta ya yi masa Fatiha ɗaya.

Ɗaya tak.
Shekara ɗari da ɗoriya muna cewa muna bin baƙo bashi,
ashe a bangonmu aka rataye wanda ake bin mu.

Muka ɗaga hannu, mu huɗu, har da ta bayan danga.
Ba mu gama shafawa ba wayar Yagana ta yi ƙara,
wata na naƙuda a Garin Malam.
Ta zura takalmi ta fita.
Malam ya sa tsinke a inda muka tsaya.
Ni kuwa na jawo jar fata,
na wasa wuƙa.