Telan Bakin Bariki

Shekara goma sha ɗaya kekena na bakin barikin Ati,
ƙarƙashin aduwa, daura da mai shayi.
Duk igiyar da ta hau hannun riga a garin nan
allurata ce ta kai ta.
Na san faɗin ƙirjin kowa,
na san mai cusa tsumma a kafaɗa don ya cika ido.

Da rediyo ta ce an tare baƙi a kan iyaka
mun tafa, mun ƙara sukari.
Kwana uku tana cewa an tare su.
Ran na huɗu sai kiɗa,
kiɗa zalla, ba mai magana.

Motoci arba'in suka fita, da bakina na ƙirga.
Bakwai suka dawo,
ɗaya na jan ɗaya da igiyar guga.
Sauran a ƙafa, ta cikin yashin Bata,
takalma a wuya, leɓɓa a farfashe,
ba mai ce wa wani ina ka baro bindigarka.

Saja Jimadum ne ya fara zuwa,
shi da tsawarsa ke tashin balbelu daga kan tsamiya.
Ya tsuguna.
Ban taɓa ganin tsakar kansa ba sai ranar.
Ya ce, “Tela, cire.”
Igiya uku. Ni na ɗinka su jajiberin salla,
har yau ina bin sa dala ashirin.
Na sa reza, zare bai yi gardama ba,
amma gurbinsu ya fito kore shar
a jikin rigar da rana ta cinye.
Igiya ta tafi, inuwarta ta ƙi.

Ya ce harsashin da aka raba musu
ya fi bakin bindigar girma.
Ya ce manya sun tafi karɓo umarni tun jijjifi
a cikin motar albashi.
Ya ce abin ta sama ya zo.
Wa zai soki sama?
Ban ce komai ba, akwai allura a bakina.

Kafin la'asar layi ya kai gindin rijiya.
Kaki biyu a jallabiya ɗaya,
ɗamara a hula, hula a kofin ruwa.
Kaltuma ta kwance labulen ɗakinmu,
na yanka shi riguna huɗu
masu zanen tsuntsaye.
Haka mazan fama suka bar gari,
da tsuntsaye a bayansu.

Ran Juma'a baƙin suka shigo.
Ba wanda ya harba, kare ma bai yi haushi ba.
Ɗayansu ya miƙo mini aljihu a yage
da kwabon da ban san kan wa ke jikinsa ba.
Na ɗinke. Kada ku tambaye ni.
Tukunya ba ta san tuta ba.

Ƙarƙashin kekena akwai gwangwanin madara.
A ciki saja tara, kofur ashirin da biyu,
da aninan wani kyaftin.
Runduna guda, ba ta ko kai baki ba;
in na girgiza, ƙararta ba ta kai ta caki ba.

Abu ɗaya ne ban taɓa ba:
wandon Bishara, yaron nan ɗan Mongo,
da ya yi masa tsawo da taƙi guda.
Ya ce in rage, zai karɓa in sun dawo.
Na rage tun daren.
Yana nan a ƙusa.
Duk safiya sai na kakkaɓe shi,
na sake auna ƙafar,
ko na yanke da yawa.