Haƙori Guda

Asabar ce, kasuwar tsofaffin kaya a Chillicothe,
ƙanƙara ta narke, ta bar taɓo a bakin rumfa.
Na jera nawa a kan baƙin ƙyalle,
ɗari biyu da sha ɗaya, babu wanda ya kai ɗan yatsa:
ɗan ƙarfe falle ɗaya, haƙori guda mai naɗewa,
da 'yar huda inda soja ke zura sarƙar wuyansa.

Na san su kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta.
Ga gajere na guzurin mutum ɗaya,
ga dogo na babban gwangwani,
ga na Ostareliya mai cokali a wutsiya.
Da madubi nake bin tambarin maƙera,
harafin ya nutse ko ya tsaya sama-sama.
Jabu ba ya ɓuya mini:
sabo ne aka kwanar a ruwan gishiri,
ya tashi da tsatsar aro.
Mai tsada kuwa shi ne na cikin takardarsa,
wanda bai taɓa cizon komai ba.

Wajen sha ɗaya Lorene Tackett ta iso,
tana dogara sanda, rigar sanyinta ta yi mata yawa.
Ta kwance hankici a gabana.
"Na Orval ne," in ji ta. "Da shi ya dawo daga Koriya.
Nawa zai yi?"

Na ɗaga shi sama.
Tambarin ya shafe, babban yatsa ya cinye shi.
Haƙorin ya dakushe, maƙalar tana lilo,
gefe guda ya lanƙwashe, ka ce an kwance dunƙulen kusa da shi.
"Ya kwance," in ji ta. "Na keken yara, na rediyo,
har ƙasan farcensa da shi yake sharewa.
Ran da wuta ta ɗauke kwana tara
shi ya ciyar da mu, wake safe, wake dare.
Bai taɓa ba ni labarin yaƙin ba.
Abarba kawai yake buɗewa duk Lahadi,
ya shanye ruwan a tsaye, fuskarsa na kallon bango."

Littafin farashi na ƙarƙashin gwiwar hannuna.
Na san abin da ya ce: ko dala ɗaya bai kai ba.
Bakina ya yi nauyi.
Na ce, "Irin wannan ba ni da shi."
Ban kuwa yi ƙarya ba.

Ta dube ni, ta dubi sahun da ke kan ƙyalle,
masu sheƙi, masu ƙoshi, da ba su san yunwa ba.
Ta naɗe hankicinta ƙulli biyu.
"Dama tambaya na yi," in ji ta.

Da dare na farke takardar mafi tsadar cikinsu,
na kafa haƙorinsa a bakin gwangwanin wake.
Hannuna bai iya ba.
Sau uku yana zamewa,
na huɗu ya yanke ni a yatsa.